Ka Sa Mai Kaurin

"Lafiya lau. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, kafin ka shigo."

"To bari in juya, kada a ce ni na ƙarasa ki."

"Ajiye maganin tukuna, sai ka juya."

Ɗan Kemis ya ajiye ledar maganin hawan jini a kan tebur, kusa da rediyon da ba ya kama tasha sai an jingina shi da kwalbar man zafi. Bai juya ba. Ya ɗosana a hannun kujera, wurin da kakarsa ta hana zama tun yana ɗan firamare. Malama, kamar yadda unguwa ke kiranta tun tana koyarwa, ta dube shi ta saman tabarau. Wanda ya rufe kanti da rana tsaka ya kawo magani da ƙafarsa, akwai abin da ke tafe da shi.

Abin kuwa ba ƙarami ba ne a wurinsa. Ƙungiyar wasan kwaikwayon da yake zuwa bayan tashi daga aiki za ta nuna "Telan Shugaba", tsohon wasan nan da kowa ya san sunansa, kaɗan suka karanta shi. Shi aka ba tela. Wannan ne karon farko da ya samu babban matsayi, bayan shekarun da ya kwashe yana fitowa a ɗan sanda na biyu, wanda aikinsa shi ne ya ce "To, ranka ya daɗe" ya fita. Amma jiya darakta ya faɗa masa a gaban kowa cewa in a gwajin gobe jawabin ƙarshe ya sake sa mutane hamma, zai miƙa telan ga wani mai koyar da tuƙi, wanda Allah ya hore wa murya kamar ganga. Malama kuwa tana cikin waɗanda suka fara yin wasan tun marubucinsa yana raye. Duk dangi sun san wannan, don ba ta bari a manta.

"Na ji an ba ka tela," in ji ta.

"Wa ya gaya miki?"

"Uwarka. Ta ce in yi maka addu'a. Na ce 'yan kallo zan yi wa."

"Sun gode. Ke ma an ce kin ɗan fito a ciki, zamanin da ake haska dandamali da ƙyastu."

"Na ɗan fito? Ni ce wasan. Don ni aka rubuta shi."

"Ke ce telan?"

"Matar tela. Gajere, marubucin, Allah ya jiƙansa, tare muke koyarwa. Ya ga tafiyata a farfajiyar makaranta, ya koma ɗakin malamai ya kama rubutu, bai ɗago ba sai da ya kai shafin ƙarshe."

"Wato abin da ya gani ne ya hana shi sake ɗaga kai."

"Har aurena ya nema."

"Bara kin ce shugaban makarantar ne ya nema."

"Layi suka yi. Kakanka ne ya fi su haƙurin tsayuwa. Kai da aka bar mini a madadinsa, miji ne kai? Magani kawai kake kawowa, ko lemo babu."

"Likita ya hana ki zaƙi. Ni miji ne mai bin doka." Ya ciro waya yana latsawa. "Na duba matar telan nan. A fitowar ƙarshe magana ɗaya gare ta. 'Ka sa mai kaurin.' Shi ke nan. Ɗan sanda na biyu ya fi ta baki."

"Da wannan maganar na sa zaure guda kuka."

"Muryarki ce. Har yanzu tana sawa."

"Sauka daga hannun kujerata. Tashi ka yi abin da ya kawo ka in gani."

Ya tashi, don dama abin da yake jira ke nan. Ya tsaya tsakanin firiji da taga, ya buɗe ƙirji, ya ɗaga hannun dama kamar mai tsayar da mota, ya soma.

"Mun gode wa Shugaba da ya shimfiɗa mana titi. Mun gode masa da ruwan famfo, da fitilun kan hanya, da makarantar da 'ya'yanmu ke zuwa. Mun gode masa da zaman lafiyar da muke kwana a cikinsa, muke tashi a cikinsa..."

Jawabin yana da tsawo. Ya bi shi har ƙarshe bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, yana ƙara murya a kowace godiya, har kwalbar man zafi ta ɗan motsa. Da ya sauke hannu ya juyo, Malama idonta a rufe yake, haɓarta a ƙirji.

"Kaka."

"Ka gama? Na ɗauka rediyon ne ya kama labarai."

"Ban rasa kalma ɗaya ba. Tun muna firamare muke haddace shi. Yana cikin littafin karatu, da hoton tuta a samansa."

"Na sani, ni na koyar da shi. Ina kayan?"

"Wane kaya?"

"Da kake ninkewa."

"Au, wannan. Ai umarnin marubuci ne, yana rubuce cikin baka biyu. Abin da ke cikin baka ba a faɗarsa."

"Ana yinsa."

"Darakta ya turo wa kowa nasa maganganun a waya. Na hangi wani abu wai yana ninke kaya, na ce tela ne, in bai ninke kaya ba me zai ninke? Kuma ninki yana hana ni ɗaga hannu."

"Gabatarwar littafin fa?"

"Ba a turo ta ba. Babu mai magana a ciki."

Malama ta cire tabarau, ta dube shi da irin tausayin da ake duban wanda mota ta tafi ta bari.

"Ka makara da zuwa duniya. Da a wancan zamanin aka haife ka, da ka samu aikin gwamnati, har da gida."

"Wane aiki?"

"Ofishin tacewa. Kai da mutumin da ke can kanku ɗaya, sai dai shi ya fi ka tumbi."

A wancan mulkin, in ji ta, ba a yin wasa sai an kai shi wani ofishi a saman bene, inda wani mai jan biro yake karantawa. Mutumin bai da wasa da aiki. Duk abin da zai fita daga bakin ɗan wasa sai ya bi shi da yatsa, kalma bayan kalma. Abin da ke cikin baka kuwa tsallakewa yake yi, yana cewa wannan na kafintoci da masu jan labule ne. Da ya zo kan jawabin tela, har tashi ya yi ya miƙa wa Gajere hannu.

"To me ke cikin bakan?"

"Hadari ya taso. Je ka kwashe mini shanya."

"Na san za a zo nan. Duk tarihin nan dabarar sa ni aiki ce."

"Miji ba ya cefane, ba ya kwashe shanya. Hoto na aura?"

Ya fita bayan gida ya kwashe abin da ke kan igiya: zannuwa, tawul, riguna, da wata tsohuwar suwaita ruwan toka da take sawa ko ana zafi. Hadarin da aka ce ya taso bai fi tafin hannu ba. Ya dawo ya zube kayan a kan doguwar kujera.

"Yanzu karanta abin da ka tsallake. Duka."

Ya ja rubutun da yatsa har ya samo wurin. "'Yana ninke riga biyu, da tawul, da sabulu. Yana sa su a ƙaramar jaka. Yana ajiye jakar a bayan ƙofa.'" Ya ɗago. "Ba a ninke sabulu."

"Je ka gyara wa mamaci."

"Kayan wanda ya kawo ɗinki ne, zai zo ya karɓa."

"Kai in za ka je wurin tela, da sabulunka kake tafiya?"

"Ni a kanti nake sayen kayana."

"Ana gani."

Ta mayar da tabarau. Muryarta ba ta canja ba, da wadda take zaginsa da ita ta ci gaba.

"A shekarun nan, duk wanda ya yi magana, ko ya zauna kusa da wanda ya yi magana, yana da irin jakar nan a bayan ƙofa. Mota ce ke zuwa. Ba sa ba ka lokacin neman takalmi. Abin da hannunka ya kai gare shi kana fita, shi ne naka. Ranar da muka fara wasan, rabin zauren sun baro tasu a gida. Sauran rabin sun san wadda maƙwabcinsu ya tafi da ita."

"Amma me ya sa tela? Da malami ya yi, ko ɗan jarida."

"Yayan Gajere tela ne. Yana auna wani, ya yi wata raha a kan tsadar yadi da wanda ya jawo ta. Wanda ake aunawa ya yi dariya, har ya riƙe ciki. Kafin a gama ɗinkin mota ta zo. Da tef ɗin awo a wuyansa aka tafi da shi, ba jaka, ba komai. Uwarsu ta haɗa masa kaya ta riƙa bin ofisoshi. Ko'ina sai a duba a ce babu mai wannan suna, ba za a karɓi kayan wanda babu shi ba."

"Ya dawo?"

"Keken ɗinkinsa ya tsufa a gidan."

Ɗan Kemis ya tsaya da tawul a hannu. Ya san kakarsa. Ta taɓa gaya masa cewa ita ta koya wa likitan da ya karɓi haihuwarsa rubutu, shi ya sa ba ya karantuwa.

"Wannan na gaskiya ne, ko irin na layin masu neman aure?"

"Wannan yana cikin gabatarwar da babu mai magana a ciki."

Ya zauna a kujerar, a inda ake zama.

"To telan ba godiya yake yi ba ke nan."

"Godiya yake yi. Kowace kalma. Bai rage ko wasali ba."

"Don wanda ke laɓe a bakin taga ya ji."

"Ashe akwai wani abu a ƙarƙashin askin nan."

"Baki yana wa na waje aiki, hannu yana shirin tafiya." Ya dubi suwaitar da ke cikin tulin kayan. "Mai kaurin kuma... a ƙasa ake kwana a can."

"A kan siminti."

"Yarinyar da ke yin matar a wurinmu, faɗar maganar take yi kamar tana zaɓa wa Shugaba yadi. Ana ma yi mata dariya. Darakta ya ce nan ne kawai ake farkawa."

"Ku gaida daraktan naku. Shi ma da ya samu gida."

"Shi Gajeren fa? Ba su kama shi ba?"

"An aiko masa da mota. Ya yi sallama da matarsa, ya ɗauki jakarsa, ya shiga. Ashe lambar yabo za a ba shi."

"Ke dai."

"Saboda jawabin. An ce ba a taɓa yabon gwamnati da tsabtataccen harshe irin wannan ba. Akwai hoton. Hannu ɗaya yana karɓar lamba, ɗaya yana riƙe da jaka. Aka rubuta a ƙasa cewa marubuci ne mai son yawon buɗe ido. Daga nan aka yanko jawabin, aka zubar da bakan, aka sa a littafin yara. Muka riƙa koyar da shi da fuska a ɗaure, wasu masu kan kwakwa suka haddace."

"Ke kika ba ni maki mai kyau a kansa."

"Na ga iyakar ƙarfinka ke nan."

Ya riƙa juya tawul ɗin a hannu. Abin ya shige shi, amma bai ga yadda zai fid da shi gobe ba. Darakta mutum ne mai auna wasa da yadda murya ke kaiwa layin baya. Mai koyar da tuƙi kuwa in ya yi gyaran murya ana ji daga bakin titi.

"'Yan kallon yanzu ba su da jaka a bayan ƙofa," ya ce. "Abin da ke bayan ƙofarsu tsintsiya ce da cazar waya. Za su ga mutum yana ninki kawai. In na rage murya kuma, an ba mai tuƙi."

"Mai tuƙin ya san me ke cikin jakar?"

"Ina zai sani?"

"To murya gare shi, amma ba shi da kaka. Kai ka sani tukuna, ka bar 'yan kallo da idonsu. Tashi. Riga biyu, tawul. Ga kwalin maganina, shi ne sabulu. Ledar ita ce jaka."

"Ke kuma?"

"Ni zan zauna in yi abin da na fi kowa iyawa a ƙasar nan."

"Barci."

"Fara."

Ya durƙusa gaban doguwar kujerar, don ba a ninki a tsaye da ƙirji a buɗe. Ya ɗauki riga ya shimfiɗa. "Mun gode wa Shugaba da ya shimfiɗa mana titi." Hannun rigar ya ƙi kwanciya, ya gyara shi, muryar ta sauko da kanta, don mutum ba ya iya yi wa riga ihu. Ya gode da ruwan famfo yana lailaye kwalar rigar da tafin hannu. Ya gode da fitilun kan hanya yana cusa tawul a leda. Wajen makarantar yara ya ga cewa yana sauri, kuma bai san lokacin da ya fara saurin ba. Wata mota ta rage gudu a bakin layi, kamar yadda motoci ke yi kullum saboda ramin da ke wurin. Ya sami kansa ya yi shiru yana kallon ƙofa har ta wuce. Sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya, da ɗan ƙarfi, kamar mai son a tabbatar an ji shi. Ya miƙa hannu zai ɗauki riga ta biyu.

"Ka sa mai kaurin," in ji Malama.

A hankali ta faɗa, ba ta ko dube shi ba, idonta yana kan hannuwanta. Ya ajiye rigar. Ya ɗauki suwaitar ya ninke, ya danna ta a leda, ya ɗora kwalin magani a sama. Ya gode da zaman lafiyar da ake kwana a cikinsa ake tashi a cikinsa. Ya tashi ya ajiye ledar a bayan ƙofa, ya dawo ya tsaya, bai san inda zai sa hannuwansa ba.

Firiji ya yi ta gurnaninsa. Malama ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa, ko da yake babu abin da ya same shi.

"Ninkinka kamar na mai gudun gobara," ta ce.

"Ai haka ake so."

"Wanda ya fara yi ya fi ka."

"Ina yake?"

"Ya rasu."

"To a cikin masu rai ni ne na ɗaya."

"A cikin masu rai da ke ɗakin nan, kai ne na biyu."

"Na ga idonki ya yi ja."

"Man zafi ne."

"A rufe yake."

"Ɗauko kujerar katako ka hau. Duba saman kwaba, can baya."

Ya hau yana mita cewa yau an mai da shi lebura. Bayan wasu tsofaffin kwalaye hannunsa ya taɓa fata. Ya jawo wata 'yar jaka ruwan ƙasa, duk ta bushe ta tsage a kusurwa, maɗaurinta an ɗinke shi da zaren da ba kalarsa ba.

"Ta kakanka ce. Da ita muka yi wasan. Aro yake ba mu, ya zo ya zauna a layin gaba, ba ya kallon kowa, har da ni, sai jakar. Ana rufe labule zai hau ya karɓi abarsa ya kai ta bayan ƙofa."

"Sun zo ɗaukarsa?"

"Har mulkin ya faɗi ba su zo ba. Sun ɗauki mai gyaran agogo, sun ɗauki mai koyar da lissafi, shi da yake ganin ya fi kowa baki ko tambayarsa ba a yi ba. Ya mutu bai yafe musu ba."

Ɗan Kemis ya sauko ya buɗe jakar. Riga biyu, an ninke su tsaf, farinsu ya koma ruwan ƙwai a bakin ninkin. Tawul. Sabulu a cikin takardarsa, ya ƙanƙance ya yi tauri kamar dutse. A ƙasa kuma wata suwaita mai kauri, saƙar hannu, hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo.

"Wa ya saƙa wannan?"

"Wata mai magana ɗaya."

"Ana gani."

Ya mayar da komai yadda ya same shi, ya rufe, ya riƙe jakar a ƙirji, yana jira a ce ya mayar da ita sama. Ba a ce ba.

"Aro ne ko kyauta?"

"In ka samu telan, kyauta ce."

"In aka ba mai tuƙi fa?"

"Ba sai ka biyo ta nan ba. Ka wuce kawai, ga kayan tafiya an riga an haɗa maka."

Ya yi dariya har ya jingina da kwaba. Ita ma bakinta ya motsa, ta kama shi, ya ƙwace.

"Ba laifi," ta ce. "Tafi da ita. Ka gaya wa yarinyar nan ta zo in koya mata maganarta, kada ta ɓata wa mijina wasa."